Malama, 'Yata Ta Tsani Lissafi, Babanta Kuma Ya Ce Daƙiƙiya Ce

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina sayar da ƙwai a gida, kiret-kiret da ɗai-ɗai. Babbar 'yata shekararta 12, bana ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. A firamare ba ta da matsala, amma tun da aka fara musu wani darasi wai shi firayim fakto, da HCF da LCM, kullum da kuka take dawowa. Gwajin da aka yi musu ta ci 3 cikin 20. Babanta ya ce daƙiƙiya ce, wai dama lissafi ba na mata ba ne, a ƙyale ta. Ni kuma a aji huɗu na firamare na tsaya, in ta miƙo mini littafin sai in ce ina da aiki, saboda kunya. Ina tunanin in kwashi adashina in sa mata malamin lesin. Don Allah mene ne wannan abu, kuma yaya zan yi?

Wata uwa daga Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki riƙe kuɗin adashinki tukuna. Abin da ke sa yarinyar nan kuka bai kai girman da kuke gani ba, kuma ke da kike cewa a aji huɗu kika tsaya, rabin darasin yana jibge a tsakar gidanki.

Ɗauko kiret ɗin ƙwai guda ki kalle shi. Ƙwai 30 ne, an jera su layi biyar, kowane layi shida. Wato 30 ita ce 5 sau 6. To ita 6 ɗin fa? Ai 2 sau 3 ce. Ashe 30 ita ce 2 sau 3 sau 5. Yanzu ki gwada ki ƙara fasa su. 2 ba ta fasuwa, sai dai ki ce 1 sau 2, wanda bai canja komai ba. Haka 3, haka 5. An zo ƙarshen hanya. Irin waɗannan lambobi, waɗanda babu abin da ke raba su daidai ba saura sai 1 da su kansu, su ne littafinta yake kira firayim, ni kuma a nan zan riƙa ce musu gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Duk abin da malami yake nema a wajen 'yarki shi ne a ba ta lamba, ta yi ta fasa ta da ninkawa har sai ba abin da ya rage sai gagara-rabo. Kamar mai warware igiya ne, sai ya kai ga silin da ba ya warwaruwa sannan ya tsaya.

Ga inda daɗin yake, kuma nan ne yawancin malamai ke wucewa a guje don manhaja ta yi musu yawa. Da kin fara da cewa 30 ita ce 3 sau 10, da kin fasa 10 ta zama 2 sau 5, kin dawo kan 2, 3, 5. Da kin fara da 2 sau 15, 15 za ta ba ki 3 sau 5, kin sake dawowa kan 2, 3, 5. Ta duk ƙofar da kika shiga, mutanen da za ki tarar a ɗakin ba sa canjawa. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuma tana da nata jerin gagara-rabo guda ɗaya tak, wanda babu wata lamba a duniya da ke da irinsa. Yaron da ya gane wannan ya daina tsoron "wai da wace lamba zan fara?", tambayar da ke daskarar da yara da yawa a kan takardar jarrabawa. Ki fara da duk wadda kika gani. Maganar tsohuwa ce ƙwarai: tushenta yana cikin littafin Yuklid, masanin lissafin da ya yi zamani a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kamaluddin al-Farisi, malamin ƙasar Farisa na farkon ƙarni na 14, ya rubuta cewa kowace lamba tana fasuwa haka, sannan Gauss Bajamushe ya kawo cikakkiyar hujja a 1801.

Abin da nake so ki yi a daren nan ba ya buƙatar biro. Bayan isha'i, ki ɗebo wake a tafin hannu, ko ƙwallayen dabino, ko murafun kwalbar lemo, ki shimfiɗa faranti tsakaninki da ita. Ki ƙirga mata 12, ki ce ta jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Za ta samu layi biyu na shida-shida, ko uku na hurhuɗu. Sai ki ƙara ƙwaya ɗaya su zama 13, ki zuba mata ido. Za ta gwada bibbiyu, ɗaya ta yi saura. Ta gwada uku-uku, ɗaya ta yi saura. Hurhuɗu, haka. Biyar-biyar, uku sun yi saura. Kar ki ce mata komai, ki bar ta ta yi ta fama har ta ɗago kai ta ce "Umma, wannan ba ya yiwuwa." A lokacin ne ta san gagara-rabo da hannunta, sani irin wanda bulala ba ta sa shi. Ku bi lambobi daga 2 zuwa 30 a haka, a cikin 'yan kwanaki, kuna ware masu jeruwa gefe, masu taurin kai gefe.

Abubuwa biyu za su taso, gara ki san su tun yanzu. Za ta tambaye ki 1 fa? Ba a sa 1 cikin gagara-rabo. Dalili kuwa, da an sa ta, da 30 ta zama 2 sau 3 sau 5, ta kuma zama 1 sau 2 sau 3 sau 5, ta kuma zama 1 sau 1 sau 2 sau 3 sau 5, abin ba iyaka, jerin nan guda ɗaya tak ya rushe. Sai kuma 2. Yara da yawa suna cire ta don sun ga tana cikin lambobin da ke rabuwa biyu. Amma wa ke raba 2 in ba 1 da ita kanta ba? Tana ciki, ita ce ma ta farko, kuma ita kaɗai ce a danginsu 4, 6, 8 da ta samu shiga.

Yanzu ga zargin da nake yi game da wannan 3 cikin 20. Yarinyar da ta wuce firamare lafiya sannan ta zo ta cije a nan, galibi ɗayan abu biyu ne ke damunta. Na farko, jadawalin ninkawa bai zauna mata ba. A firamare yaro yana iya ɓoye wannan, ya riƙa ƙirga da yatsu ko ya ja sanduna a gefen takarda. Amma fasa lamba yana son yaro ya kalli 56 nan take ya ga 7 sau 8 a cikinta. Jadawalin yana nan a bangon baya na yawancin littattafan rubutun 'yan makaranta. Ki karɓi littafin ki riƙa jefa mata tambaya kuna aikin gida, a birkice, kuma ki juya tambayar: maimakon "6 sau 7 nawa?", ki ce "42 me sau me?" In kin ga tana tsayawa tana motsa yatsu daga gidan 6 zuwa sama, kin gano ciwon. Na biyu shi ne Turanci. Sau da yawa yaro ya iya aikin, jimlar da aka yi tambayar da ita ce ta ɗaure masa kai. Gwajin wannan mai sauƙi ne: ki ce mata da Hausa, "fasa mini 20 har sai ta ƙi fasuwa." In ta ba ki 2 sau 2 sau 5 ba gargada, to lissafinta ƙalau, kalmomi biyar ko shida na tambayar ne za ta haddace ma'anarsu, shi ke nan.

Hanyar da ake so ta rubuta a makaranta ita ce ta tsani: a ja layi a tsaye, lambar a dama, mai rabawa a hagu, a yi ta gangarowa. Mu ɗauki 360. Ta ƙare da sifili, don haka 2 za ta raba ta, a samu 180. A sake 2, a samu 90. A sake 2, a samu 45. Nan 2 ta gaji. A koma 3, a samu 15. A sake 3, a samu 5. Sai 5 ta raba kanta, a samu 1, an sauka. A tattara na hagu: 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Ki sa ta ninka su ta ga ko 360 za ta dawo. Wannan dubawar ta ƙarshe ki mayar mata da ita ɗabi'a, domin darasi ne da yaro ke iya yi wa kansa maki kafin malami ya taɓa takardar.

Don sanin wace lamba za ta shiga, akwai alamomi uku da suka ishe ta a wannan aji. In lamba ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, to 2 za ta raba ta. In ta ƙare da 0 ko 5, 5 za ta raba ta. Ta 3 ta fi ban sha'awa: a tara ɗaiɗaikun lambobin da ke cikinta, in jimlar ta rabu da 3, ita ma za ta rabu. Ɗauki 51. Kallo ɗaya za ki rantse gagara-rabo ce. Amma 5 da 1 shida ne, 6 kuwa tana rabuwa da 3, ashe 51 ita ce 3 sau 17. Haka 57, 3 sau 19 ce, haka 87, 3 sau 29. Babbar 'yar yaudarar ita ce 91, wadda ta tsallake alamomin nan uku duka, alhali 7 sau 13 ce. Masu shirya jarrabawa suna ƙaunar 91, ki gaya mata ta yi mata shaida.

In kin duba takardar gwajin nata, ina kyautata zaton za ki ga ɗayan kurakuran nan. Ko ta tsaya a tsakiyar hanya, ta rubuta 36 a matsayin 4 × 9 ta ajiye biro, alhali 4 da 9 duk suna fasuwa. Ko kuma gajeren rubutun nan ya rikita ta, inda ake rubuta 2 × 2 × 2 a matsayin 2³. Ƙaramar 3 ɗin da ke sama tana faɗin sau nawa 2 ta fito ne, amsar 8. Yara da yawa suna karanta shi 2 sau 3 su rubuta 6, maki ya tafi a banza.

Ranar Asabar ko Lahadi ku yi wannan tare. Ta rubuta 1 zuwa 100 a takarda, goma-goma a layi. Ta soke 1. Ta kewaye 2, ta soke duk 'ya'yanta: 4, 6, 8 har 100. Ta kewaye 3, ta soke 'ya'yanta. Haka 5. In ta zo kan 7 za ta tarar saura uku kacal ba a soke ba, 49, 77 da 91. Daga nan ta ajiye biro, duk abin da ya tsira gagara-rabo ne, kuma za ta ƙirga guda 25, na ƙarshensu 97. In ta tambayi dalilin tsayawa a 7, ki ce mata ta gaba ita ce 11, kuma 11 sau 11 ta kai 121, ta riga ta fita daga takardar. Ana kiran wannan dabara rariyar Iratostenis, sunan wani mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na uku kafin Annabi Isa (AS). Ta manna takardar a bango kusa da inda take kwana.

HCF da LCM da ke firgita ta, 'ya'yan wannan darasi ne. 24 ita ce 2 × 2 × 2 × 3, 36 kuma 2 × 2 × 3 × 3. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne 2, 2 da 3, a ninka a samu 12. Ita ce HCF, babbar lambar da ke raba su duka biyu. LCM kuwa ita ce ƙaramar lambar da su biyun za su shiga cikinta: a ɗauki kowace gagara-rabo a inda ta fi yawa, 2 guda uku daga 24, 3 guda biyu daga 36, a ninka a samu 72. Ke ma kina yin wannan ba ki sani ba. In mai shayi yana zuwa sarin ƙwai duk bayan kwana huɗu, mai kanti kuma duk bayan kwana shida, kin san duk bayan kwana sha biyu za su haɗu a ƙofarki, sai kin tanadi kiret da yawa.

Sai maganar maigida, wadda ta fi damuna a wasiƙarki. Kalmar daƙiƙiya daga bakin uba tana da nauyi, yarinya 'yar shekara 12 tana iya ɗaukarta ta yafa har girmanta, ta daina gwadawa tun kafin a tambaye ta. Kada ki yi masa gardama a gaban yara. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki roƙe shi alfarma guda: ya janye kalmar nan na zango ɗaya, ya ga abin da zai faru. In kuma ya ce meye amfanin abin, ki kawo masa rabon gado. Kasonnin da Alƙur'ani ya yanka a Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da ɗa namiji. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin 8. Mahaifiyar tana da sudusi, ɗaya cikin 6. Gida nawa za a kasa dukiyar don kowa ya ɗauki nasa ba gutsure? 8 ita ce 2 × 2 × 2, 6 kuma 2 × 3, sai a samu 2 × 2 × 2 × 3, wato 24. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa ya kwashe sauran 17. In abin da ya rage bayan bashi da wasiyya Naira miliyan 2.4 ne, mata tana da 300,000, uwa 400,000, ɗa 1,700,000. Wannan 24 da malaman fara'ili ke kira asalin mas'ala, ita ce dai LCM ɗin da 'yarsa ke kuka a kai. Har suna da sunayen yadda lambobi biyu ke haɗuwa: tadakhul in ɗaya ta shige cikin ɗaya kamar 3 da 6, tawafuƙ in sun yi tarayya a wata lamba kamar 6 da 8, tabayun in ba abin da ya haɗa su kamar 3 da 8. Ban ga uban da zai so 'yarsa ta zauna a wajen rabon gado ba ta san yadda aka fitar da haƙƙinta ba.

Batun wai lissafi ba na mata ba ne, ba zan ja shi da nisa ba. Akwai wani rukuni na gagara-rabo da har yau ake kira da sunan mace, Sophie Germain Bafaranshiya, wadda ta rasu a 1831, kuma sai da ta ari sunan namiji kafin ta riƙa aika wa Gauss ɗin can wasiƙun lissafi. A nan gida, Farfesa Grace Alele-Williams, malamar lissafi, ita ce mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, Jami'ar Benin, a 1985. In kuma maigida mai son zancen zamani ne, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare katin banki da saƙonnin intanet, wanda ake kira RSA, an gina shi ne tun 1977 a kan wannan darasi. Ninka 89 da 97 abu ne na minti ɗaya, 8,633. Amma a miƙo maka 8,633 a ce nemo waɗanda aka ninka, sai ka yi gumi. A 2020 masana sun fasa wata lamba mai tsawon alƙaluma 250, aikin da in ƙwaƙwalwar kwamfuta guda aka bar wa, zai ci mata wajen shekara 2,700.

Ga wani wasa da za ki koya mata ta yi wa babanta da kanta. Ta ce ya zaɓi lamba mai alƙaluma uku a ɓoye, a ce 347, ya rubuta ta sau biyu a manne a na'urar lissafi ta wayarsa: 347347. Ta ce ya raba da 7, ta kuma yi masa alkawari ba za a samu saura ba. Ya raba amsar da 11. Ya sake rabawa da 13. Lambarsa ta farko za ta fito masa a fuskar waya. Sirrin shi ne rubuta lambar sau biyu daidai yake da ninka ta da 1,001, ita kuwa 1,001 ita ce 7 × 11 × 13. Ki tabbata ita ce ta yi masa bayanin, ke kina gefe.

Game da kunyar da kike ji, ki daina cewa kina da aiki. Yarinya tana gane an guje ta, kuma tana iya fassara shi da cewa ke ma kin fid da rai da ita. Ki ce mata gaskiya: "Ban yi wannan a makaranta ba, zo ki koya mini." Gemu ba ya hana ilimi, balle ɗankwali. Yaron da aka sa ya koyar yana gano ramin da ke cikin saninsa da kansa, kuma ke da kike lissafin kiret goma sha bakwai da canjin mutane a ka, ba za ki sha wuya ba. Minti ashirin a rana ya isa, in ta fara hamma ku tashi. Ki kuma leƙa makarantar ki gaisa da malamin lissafin cikin mutunci, ki roƙi ya nuna miki takardar gwajin, ki tambaye shi a ina take zama a aji, ko tana ganin allo sosai.

Ku yi wata guda a haka. In bayan nan har yanzu jadawalin ninkawa ya ƙi zama, ko kin ga tana juya lambobi tana rubuta 21 a madadin 12 a kai a kai, to sai a nemi mai taimako, kuma ko ɗalibar babbar sakandare ta maƙwabta za ta iya, a kuɗi kaɗan. Wanda duk za ki ɗauka, ki fara tambayarsa me ya sa 1 ba ta cikin gagara-rabo. In ya ce "haka dokar take" ya yi shiru, ki nemi wani.

Ga na gwaji, ki rufe amsoshin da hannu ki ba ta ɗaya bayan ɗaya: 84, 90, 144, 210, 97, sai 221 in ta ji ƙarfi. Amsar 84 ita ce 2 × 2 × 3 × 7. Ta 90, 2 × 3 × 3 × 5. Ta 144, 2 sau huɗu da 3 sau biyu, wato 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3. Ta 210, 2 × 3 × 5 × 7. Ita 97 ba ta fasuwa, in ta yi ta nema ta rasa ta ci. 221 kuwa sai ta bi 2, 3, 5, 7 da 11 duk sun ƙi, kafin 13 ta buɗe ta: 13 × 17. Allah ya yi mata albarka, ya sa wa kasuwarki albarka.